Ƙafar Pinto da Ƙafar Don Teyo

"Albarka, Abuelo."

"Allah ya yi miki, in da saura. Ƙarfe tara muka yi da ke, ga shi sha ɗaya ta gota. Da rarrafe kika hawo tsaunin?"

Yarelis ta sumbaci goshin kakanta, ta dire ledar biredi a kan tebur. Don Teyo na hakimce a kujerarsa mai lilo a baranda, ƙafar hagu miƙe a kan akwatin katako, sanda jingine a gefe. Wata bakwai ke nan da aka yi masa aiki a gwiwa, kuma a faɗarsa ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa. Maƙwabciya ke miƙo masa abinci, ita kuma Yarelis duk Asabar sai ta hawo daga cikin garin Lares ta motsa masa ƙafar, yana raki kamar ana yanka shi.

"Ina saƙona?"

Ta miƙa masa kwalbar alkolado, ruwan shafin nan da yake mulke gaɓoɓinsa da shi. Ya buɗe, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai na goge gilashin mota ne. Ina ganyen? Ina cittar?"

"Na kantin magani ne, da takardarsa da lambarsa. Ba irin naka ba da ƙadangare ya faɗa ciki tun ina firamare."

"Ƙadangaren nan shi ne maganin! Ke komai takarda, komai lamba. Shi ya sa bara suka koro ki."

Da wasa ya faɗa, amma ta ji zafinsa har ƙirji. Bara ta nemi gurbin babban digiri na gashin ƙashi a San Juan, makinta ya fi na wasu da aka ɗauka. A wurin intabiyu wata malama ta tambaye ta abin da hannunta ya taɓa ganowa a jikin mutum wanda littafi bai faɗa mata ba. Baiwar Allah sai ta hau jero sunayen jijiyoyi kamar mai karatun hadda. Ran Alhamis mai zuwa za ta sake zama gabansu, kuma ta riga ta gaya wa uwarta cewa in aka sake mayar da ita, za ta bi uwar can Orlando ta kama aikin otal. Har yau ba ta da amsar tambayar nan.

"Bana na shirya," ta ce. "Takardun shaida uku na samo. Awa ɗari biyu na yi a asibiti ina kallon masu aikin."

"Kallo! Ni ma shekara saba'in ina kallon jirgin sama, a ba ni in tuƙa mana."

"Kai da ko keke aka ba ka sai ka faɗa rami."

"Kawo biro in rubuta miki ta huɗu. Shekara arba'in na yi ina gashin ƙashi."

"Na kaji."

"Na zakarun faɗa, mara kunya! Daga Ponce ake kawo mini su a kwali, su koma suna taku kamar sojoji. Majinyatana ba sa cika fom, ba sa cewa nan ne ke ciwo."

"Kuma rabinsu a tukunya suka ƙare, da shinkafa."

"Waɗanda suka ƙi bin umarnin likita ke nan."

Ta yi dariya, sai kuma ta tsaya. Tun tana ƙarama take ganin sa ya rungume zakara yana shafa cinyoyinsa, bai fi minti ɗaya ba ya ce wa mai shi ga inda matsalar take. Ba ta taɓa tambayarsa ba, don a lokacin gani take tsafin tsofaffi ne.

"Tsakani da Allah, Abuelo, yaya kake ganewa?"

"Au, yau likitar birni ce ke tambayar likitan kaji? Kamo mini Pinto."

Pinto tsohon zakara ne da ya yi ritaya tun da aka hana faɗan, amma ƙafafunsa ba su san da ritayar ba. Sai da ta zaga bishiyar lemo sau uku kafin ta cafke shi. Ta dawo tana haki, tsohon ya zaro hankici ya ɗaure mata ido.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Idonki ya sha karatu da yawa, bari ya huta. Sa hannu a cinyoyin, duka biyun lokaci guda. Ba a taɓa ƙafa ɗaya, 'yar nan, 'yar'uwarta ce ke tona mata asiri. Kar ki matsa, ba kwaɓin biredi ba ne. Jira."

Ta jira. Da fari ba ta ji komai ba sai gashi da bugun zuciyar zakaran. Can sai ta ji ta dama ta ɗan fi ɗumi, namanta kuma ya saki, ita ta hagu ta yi tauri kamar igiyar da aka ja.

"Ta dama ce. Kuma ba yau ba ne, ya daɗe yana ɗora nauyinsa a kan ɗayar."

"Dace kika yi."

"Faɗi gaskiya, tsoho."

"To, na ji. Sati uku ke nan da ya faɗo daga rufin akurki. A gabana aka yi, yana bin wata budurwar kaza da ya isa ya haife ta."

Yarelis ta ɗago kai. Akurkin nan yana can gangare, bayan itatuwan kofi, ba a hango shi daga baranda ko da an hau tebur.

"A gabanka?"

"Ina nufin... labari aka ba ni."

Ta saki Pinto. Ba ta kwance hankicin ba, ta durƙusa ta lalubo ƙafafun kakanta, ta kama ƙwaurinsa biyu a tare. Wata bakwai ta hagu kaɗai take taɓawa, don ita ce a rubuce a takardar asibiti.

"Ke, sake ni! Wayyo gwiwata!"

"Ban taɓa gwiwar ba tukuna."

Ta bi naman a hankali daga sama zuwa dunduniya. Babu bambanci ko kaɗan. Ƙafar da aka ce ta yi wata bakwai a kan akwati cike take, da ƙarfinta, tafin ma har ya yi kanta.

"Abuelo, ƙafar nan ta san hanyar akurki."

"A mafarki nake zuwa."

"Mafarki ne ya yi maka kanta?"

"Gado ne. Mu a danginmu da kanta ake haifar mu."

Ta zare hankicin ta zuba masa ido. Don Teyo ya koma kallon itatuwan kofi.

"In na warke, me zai hawo da ke ran Asabar?" ya ce can ƙasa. "In kuma suka ɗauke ki, shekara uku za ki yi a San Juan."

Haushi da tausayi suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta fara da shi.

"Ka san abin da ka yi mini? Duk Asabar nake sauka ina cewa kakana ma na kasa tayarwa, da wane baki zan ce su ɗauke ni?"

Kunya ta kama tsohon sosai. Sai ya ture akwatin da ƙafar hagun, ya dafa hannun kujera ya miƙe tsaye, bai ko waiwayi sandar ba. Dariya ta kuɓuce masa.

"Na sallama, kin kama ni. Tun wata na huɗu kika tashe ni, aikinki ne ba na kowa ba. Ran Alhamis ni zan raka ki. In sun yi gardama ki turo su waje, in taka musu rawa."

Ya sauka matakala uku ya nufi gangare, yana wani ƙobarewa don ta gani. Yarelis ta bi bayansa tana share ido da hankicin, tana lura da yadda yake dire dunduniya.

"Miƙe bayanka, tsoho, kana karkacewa hagu."

Ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Ya miƙe bayan.