Ba Na Sa Hannu Sai Na Karanta

"Lafiya lau, amarya, sai kewar girkinki mai ƙauri. Gyaran kwamfutar kika zo yi ko ƙarasa ta?"

"Duba tsohon angona na zo yi, in ga ko da sauran haƙori."

Haka Baba da 'yata suke gaisawa, ni kuwa na daina sa musu baki tun tana firamare. Yanzu injiniyar kwamfuta ce, shi kuma tsohon akawu ne da ya yi ritaya da taurin kansa cif. Ran nan da ƙarfe sha ɗaya Gwaggo, autarsu Baba, za ta kira ta bidiyo daga ƙasar da take aure. Shekara tara bai ga fuskarta ba, a waya kuma idonsa ba ya rarrabe hanci da baki. Tun ƙarfe goma ya zura babbar riga ya harɗe gaban kwamfutar da jikar ta ba shi, yana jiran a saka masa manhajar kira.

Ta buga umarni. Kwamfuta ta ƙi.

"Ta ce a kulle take, wani aiki na riƙe da makulli."

"Ko ita ta gane hannun ɓarauniya. Wane makulli kuma? Ni ban ga kwaɗo ba."

"Mai saka manhajoji aiki ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. In ya fara, sai ya kulle ƙofa don kar wani ya shigo ya dama masa. Sai ya gama yake buɗewa."

"To ɓalle ƙofar mana! Kuɗin makarantarki nawa aka kashe?"

"In na ɓalle yana tsakiyar aiki, komai ya cakuɗe, gobe ko kunnuwa ba za ta yi ba. Sai dai ka gaisa da Gwaggo a mafarki."

Nan Baba ya duba agogo. Goma da kwata.

Ta nemo lambar aikin da ke riƙe da makullin, sai ta ɗago tana kallonsa ƙasa-ƙasa.

"Kaka, wannan aikin tun Talata yake tsaye. Wa ya taɓa ta ran Talata?"

"Aljanunki."

"Aljanuna ba sa bin rubutu da yatsa. Ga shatin yatsa nan a allo."

Ta janyo wata taga da ke ɓoye a baya. Jerin sunaye ne reras, ɗari biyu da sha huɗu, a ƙasa kuma tambaya ɗaya: a ci gaba da sabuntawa, e ko a'a?

"Kwana huɗu tana jiran ka ce e!"

"Ban gama karantawa ba."

"Karanta me?"

"Sunayen. Na kai na sittin da uku. Shekara talatin da biyar ina aiki, ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba. Sai yau don 'yar ƙwailar amarya ta zo?"

"Me ka gane a sittin da ukun?"

"Na gane duk 'yan gida ɗaya ne, kuma iyayensu ba su iya raɗin suna ba."

Dariya ta sa na kusa ƙona rigar da nake gugewa.

"To ƙarasa a hankali, angona. Zan ce wa Gwaggo ta kira baɗi."

"Ke kin karanta su?"

"Na san su. Ni na tsaya musu."

Ya daɗe yana kallonta. Ya sake duban agogo, ya ture hannunta, ya yi bismillah, ya danna e da kansa kamar mai taɓa garwashi. Rubutu ya shiga gudu. Yana gamawa makulli ya saki, ta saka manhajar, saura minti uku.

Fuskar Gwaggo ta cika allon, kanta fari fat. Baba ya matso kusa yana ƙare mata kallo. Wallahi ni ma sai da ƙwalla ta cika min ido.

"Yaya, haka ka tsufa?"

Ya goge ido da hannun riga, ya jawo jikar gaban allo.

"Ga wadda ta tsofar da ni nan, Auta."

Sannan ya zare alƙalamin aljihunsa ya danƙa mata yana dariya.

"Ungo, kin ci. Daga yau ke ce mai sa hannu a gidan nan. Yanzu matsa, kin tare min ƙanwata."