Jirgin Mai Zakara da Garar Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na haɗa wa kifin dam ɗin Bagwai shayi da sukarin 'yar yayata. Har yau in abin ya faɗo mini, ko a tsakiyar kasuwa nake, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Mutane suna ba da labarin suna riƙe ciki don dariya, ni ma in an matsa mini nakan yi yaƙe, amma wallahi a wajena abin ba na dariya ba ne.

Bari in fara da asalin cutar. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, manomi ne da damina, masunci da rani, kamar yawancin mutanen ƙauyenmu tun da aka datse ruwan nan. Yana da kwale-kwale guda ɗaya, aikin wani gidan masassaƙa na can ƙasar Yawuri da ake ce wa Mai Zakara, saboda a goshin kowane jirginsu sukan ƙona hoton zakara da ƙarfe mai zafi. Na buɗi ido na ga zakaran nan, a bayansa na koyi riƙe filafili, kuma ban taɓa ganin jirgin ya ba Baba kunya ba. Da Baba ya rasu, ba a jima ba jirgin ya ruɓe a hannuna. (Na gaya wa mutane wai kewar ubangidansa ce ta kashe shi. Kuma da gaske nake, ba wasa ba.)

Tun daga nan na zama mai wa'azin Mai Zakara. In ba shi ba ne, a wajena ba jirgi ba ne, akwati ne aka jefa a ruwa. Shekara da shekaru a jirgin aminina Sale nake fita kamun kifi, muna raba abin da muka kamo. Nasa kafintan kasuwar Bagwai ne ya haɗa masa, ba suna, ba tambari, ko fenti babu. Ina zaune a ciki, ina cin arzikinsa, ina kushe shi. Sale mutum ne mai haƙuri, sai dai ya ce, "To Malam, ɗaga ƙafarka daga kan akwatin in ja ragar kalli."

Sai shekarun nan na tsada suka zo, lokacin da kwanon masara yake da kuɗin safe da kuɗin yamma, gidaje da yawa suka daina ɗora tukunyar rana. Kowa ya koma neman abu mai sauƙi mai aiki. Ni ma na ga rabon kifi biyu ba ya riƙe gida, gara in yi nawa jirgin, sai na sayar da babur ɗina. Sale ya ce in zo mu je wajen kafintansa, zai haɗa mini sabo fil, har in sami ragowar da zan sayi kalli da ƙugiyoyi. Na dube shi sheƙeƙe. Ni ɗan Baba, in sayi akwati? Na riga na ji labarin wani Alhaji a wajen Dawakin Tofa yana da Mai Zakara na gaske a ajiye.

Na je na same shi a kife a bayan zaure, ƙarƙashin wata rumfar kara, kaji suna ƙwai a cikinsa. Da aka birkice shi, na ga hasken rana yana leƙowa ta tsakanin katako. Da idona na gani, ba wani ne ya ba ni labari ba. Amma da na sa hannun riga na goge goshinsa, zakaran ya fito, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido kamar na ga Baba. Alhajin nan bai cuce ni ba, tsakani da Allah. Cewa ya yi, "Malam, ya daɗe bai ga ruwa ba fa. In ka je ka like shi, ka jiƙa shi sosai kafin ka hau." Na ce to, to, to. Ko tayi ban yi ba, kada ya ga kamar na raina zakara. Kuɗin babur gaba ɗaya na zube masa, har kuɗin motar da za ta ɗauko shi sai da aka yi mini ciko.

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san jirgin katako in ya bushe, buɗewa yake yi. Sai an cusa auduga a tsagogin, an bi da kwalta, sannan a nutsar da shi a gefen ruwa a danne da duwatsu, a bar shi kwanaki har katakon ya kumbura ya haɗe bakinsa. Na san wannan. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: na sani.

To ga inda Yaya Hajara ta shigo. Ita ce babbarmu, ni ne auta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da keken ɗinki ta riƙe su, irin mai ƙafar nan da ake takawa. A lokacin ta aurar da 'yarta Rabi a wani ƙauye da ke tsallaken dam, saura kai gara. Kowa ya ce mata, "Hajara, a wannan zamanin wa yake ta gara? Dangin ango ma sun san halin da ake ciki." Ta ce a'a, 'yarta marainiya ce, ba za ta shiga gidan mutane hannu sake a riƙa yi mata kallon wadda ba ta da kowa ba. Ba ta yi shawara da kowa ba ta sayar da keken. Ta sayi shinkafa da fulawa da sukari da gishiri da taliya da jarkar mai, ta zauna da maƙwabta suka yi alkaki da nakiya da dubulan. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma duk abin da ta mallaka ke nan.

Matsalar ita ce mota. Zagaya dam ta hanya, da tsadar man nan, sai ya cinye kuɗin buhu guda. Ni kuwa jirgina ya iso ana gobe kai gara. Na bugi ƙirji na ce, "Yaya, wace mota kuma? Ga Mai Zakara a gida?"

Da hantsi muka hallara a bakin ruwa. Na ci ado da farar shaddata da hular da nake ajiyewa don sallah, tunda kawun amarya ne zai sauka. An shirya mata su shiga jirgin Sale, kaya kuma a nawa. Sale ya zagaya jirgin, ya danna katakon da babban yatsa, ya jawo ni gefe.

"Ka jiƙa shi kuwa?"

"Mai Zakara ne fa, Sale."

"Na ga zakaran. Cewa na yi ka jiƙa shi?"

"Irin waɗannan ba sa buƙatar jiƙo. Naku ne na kafinta ake lallaɓawa."

Ya ce don Allah in bari ya yi sawu biyu, ya kai kaya ya dawo ya ɗauki mata, ni in biyo su da jirgina ba kaya, kowa ya ga zakaran. Shawara mai kyau, wadda ba ta rage ni da komai ba. Amma mata suna kallonmu, sai na ɗaga murya na ce garar 'yata ba za ta shiga akwati ba. Ya miƙo mini ƙoƙon kwarfar ruwa, na ce ya riƙe abinsa, shi yake da buƙata. (Wannan maganar ita ce take hana ni barci.)

Yaya ta matso ta ce, "Auta, zai ɗauka?"

Na ce, "Yaya, irin na Baba ne fa. Dubi goshinsa."

Ta duba, ta shafa zakaran da tafin hannu. Sannan ta ce, "To, bismillah."

Da farko abin gwanin sha'awa. Jirgin yana tsaga ruwa, na wuce Sale, har ina waiwaye ina ɗaga masa filafili. Ba mu kai tsakiya ba na ji tafin ƙafata ya yi sanyi. Na ce a raina ɗan gumi ne katako yake yi. Can na ji sanyin ya kai idon sawu. Na saki rigata ta rufe ƙafafuna don kada na baya su gani, kamar ruwan zai ji kunya ya koma. Da na ga takalmina ya taso yana yawo a gabana, sai na nemi ƙoƙo. Babu ƙoƙo. Na cire hular sallah na shiga kwarfa da ita.

Jama'a, hula ba ta kwarfar ruwa. Na gwada, na tabbatar.

In na tsaya kwarfa jirgi ya tsaya, in na koma tuƙi ruwa ya ƙaru. Buhun sukari yana gabana, ina kallonsa yana ramewa. Gishiri ya bi bayansa. Kwallar alkaki ta kife, alkaki ya watsu yana iyo a gefen gwiwata. Ina jin Sale daga baya yana ihu, "Tuƙa! Bar hular, tuƙa!" Ina jin mata suna salati. Muryar Yaya kaɗai ban ji ba.

A can gaɓa kuwa matan dangin ango sun fito tarya. Da suka hango jirage sai wata ta saki guɗa. Ina matsowa tana ƙara ƙarfi. Saura ƙiris in kai, jirgin ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya zauna a ƙasa a hankali. Guɗar ta tsinke a tsakiya. Da ma a zurfi ne, da an ce tsautsayi, an zo mini jaje. A'a, ruwan iya ƙirji ne. Na miƙe tsaye a cikinsa, kai ba hula, shadda ta manne mini a jiki, na rungume jarkar mai. Ba abin da ake gani na jirgin sai goshinsa, zakaran nan ya ɗaga kai yana kallon jama'a.

Wata tsohuwa, gwaggon ango, ta kare ido da hannu ta ce, "Ikon Allah. Wannan kawun amarya ne, ko wanda aka aiko ya wanke mana garar?"

Aka fashe da dariya. Ban ga laifinsu ba.

Sale da samarin ƙauyen suka tsamo abin da zai tsamu. Fulawa ta zama kwaɓi. Sukari da gishiri sai buhunan. Shinkafar aka baza a tabarmi a tsakar gidan surukai, ana korar kaji, duk wanda ya shigo ya ga iyakarta. Garar da Yaya ta so a shigar da ita a rufe, a buɗe a gaban mutane a sa albarka, ita ce aka shanya kamar wanki. Na shiga gaida Rabi a ɗakinta ina ɗigar da ruwa. Ta riga ta ji komai, idonta ya yi ja, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Kawu, ba ka dai ji ciwo ba ko?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A jirgin Sale muka dawo, akwatin nan da ba shi da suna, ƙafata a bushe ƙayau. Sai da muka yi nisa na ce, "Yaya, ki yafe mini. Wallahi na Baba bai taɓa yin haka ba."

Ta juyo ta dube ni. Ba faɗa a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Auta, jirgin Baba yoyo yake kamar kwando. Duk shekara sai ya kife shi a bayan gida ya bi shi tsaga-tsaga. Ni nake taɓe masa audugar, ni nake hura wutar kwaltar, ga tabon nan a hannuna. Kai lokacin kana can kana wasa da zakaran. Da ka ce irin na Baba ne, na ɗauka ka yi masa irin hidimar Baba."

Ta mai da kanta ga ruwa. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Na tsamo jirgin na sa shi a kasuwa don in mayar mata da kekenta. Labari ya riga ni zuwa ko'ina. Duk wanda ya zo ya ga goshin sai ya ce, "Au, shi ne wannan?" ya yi gaba yana dariya. Ƙarshe da hannuna na sa wuƙa na kankare zakaran, sannan wani mai kiwo ya saya yana zuba wa shanunsa dusa a ciki. Abin da na samu kan keke kawai ya saya, na hannu, wanda ake juyawa, ba ƙafa. Yaya ta karɓa ta yi godiya har da sa mini albarka. Da shi take ɗinki yanzu, a zaune a tabarma, hannu ɗaya yana juyi ɗaya yana riƙe yadi, aikin yini ya koma na kwana biyu. A ƙasan ɗakinta har yanzu akwai gurbin ƙafafun tsohon keken. In na je gaishe ta, nakan nemi wajen zaman da ba zan gan su ba.

Na koma jirgin Sale, kuma bakina ya mutu. A ƙauye sunana ya ɓace, Mai Zakara ake kirana, har 'ya'yan Rabi haka suka taso suka ji. Darasin da na koya kuwa ba wani mai zurfi ba ne: yanzu ko buta zan saya, ba na duban tambarin gindinta, sai na sa an cika ta da ruwa na tsuguna ina kallo a gaban mai ita. Masu kanti suna cewa na cika tsirfa. Ni dai na san kuɗin makarantar da aka koya mini wannan, kuma ba ni na biya ba, Yaya Hajara ce.