Dakta Sharfuddeen Zai Taka Hanyar Hijira

Rigimata da Dakta Sharfuddeen a kan tukunyar gas ta faro. Ranar asansir, na'urar hawa bene, na gidanmu da ke unguwar Jurf a Madina ya mutu, na tare shi a ƙofa na ce, "Ɗan nan, kama min wannan zuwa hawa na biyu." Ya dube ni ta saman tabarau, ya kira ni inna da Larabci. "Khala, gwiwoyin nan amana ne. Duwatsun Hanyar Hijira nake ajiye wa su." Na ce Allah Ya tsare amana. Na ja abata matakala bayan matakala.

To, ba a yi wa babban mutum rowar yabo. Magani yake sayarwa a saidaliyya, amma wanda bai ce masa Dakta ba, ko sallama ba ta samun amsa. Shi ne ya sanar da duniya zai tako daga Makka zuwa Madina da ƙafa, ta kan duwatsu, farko har ƙarshe, mako biyu cur. Tun ranar na raɗa masa Zakin Jurf.

Shiri kuwa, masha Allah! Sanduna biyu, sai ka ce ƙafa huɗu Allah Ya nufe shi da ita aka rage. Takalma masu wuya har ƙwauri, suna cikin kwali wata uku. Na ce ya riƙa sa su su saba da ƙafarsa. Ya ce, "Khala, wannan ilimi ne. Ba a ɓata su kafin ranar hoto." Akwai agogon da ke ƙirga taku, matarsa Nadiya ta ce min a kan kujera yake kaɗa hannu, agogon na ta shaidar zur. Kullum Juma'a yakan je motsa jiki Dutsen Uhudu: mota ta kai shi gindi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan dutse, a ɗauka, mota ta dawo da shi.

Walimar ban kwana har uku ya yi. A ta ƙarshe ya miƙe, maiƙo a leɓe: "'Yan'uwa, kakanninmu sun tako daga Kano, amma ba su da khudda, ba tsari! Ni zan nuna yadda ake tafiya." Uwata da ni a bayanta ta ratsa Sudan, ƙwarya a ka. Na ci gaba da cin shinkafata.

Ranar tafiya, motar da za ta kai shi Makka da abokan tafiyarsa na jira a Bi'ir Ali, can bakin gari, asansir ya sake mutuwa. Zaki a hawa na huɗu yake. Jakar kuwa bai taɓa ɗaga ta ba. Tana ajiye a ƙasa ya yi ta cusa mata kaya, har da kaskon turare. Na ji shi yana saukowa, ƙiƙi-ƙaƙa, sanduna na harɗe juna, Nadiya na biye da "Bishwesh, a hankali, Dakta!"

A ƙofata ya ƙare. Ya zube kan sabuwar tukunyar gas da aka ajiye min, ya cire takalmi ɗaya, diddige ta sale jawur. Wayarsa na ta kuka, wai mota za ta tashi. Ya dube ni, ba tabarau. "Khala, ko da ruwa?"

Na ba shi, ya shanye. Na ce, "Sannu da hanya, Dakta. Hawa biyu ka ci, saura Makka zuwa Madina. In amanar ta huta, abin da ka zauna a kai, shigo min da shi kicin."