Yaƙin Tanimu da Makunnin Jita

Da sunan Mai iko a kan ƙarfe da wuta, ga labarin Tanimu ɗan Gambo mai gyaran rediyo, jikan Bawa maƙeri, giwar makaɗan Tudun Wada, wanda tarihi ya zalunta da bai rubuta shi ba sai yau.

Ranar bikin da za su yi wasa, makunnin jitarsa, ɗan maɓallin nan mai sauya amo daga kauri zuwa siriri, ya yi tawaye ya mutu. Maigida Hashimu, shugaban ƙungiyarsu, ya yanke hukunci cewa in jita ba ta yi magana kafin la'asar ba, Ilu, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gurbin Tanimu, shi zai hau dandamali.

Sadauki ya ɗaura ɗamara, ya sayo sabon makunni. Wutar lantarki ta ci amanarsa kamar yadda ta saba, sai ya nemi ƙawance da daular Goggo Kande mai gasa masara, ya cusa ƙarfensa na liƙi cikin garwashinta.

“Goggo, fifita! Yau ko ni ko shi!”

“Kai dai kada ka zuba min toka a masara,” in ji ta.

Ya feɗe bakin kowace waya, ya shafe shi da dalma tukuna, bisa sunnar magabata. Ya gasa ƙafar makunnin har dalma ta kwanta da kanta tana ƙyalli, bai hura ba, bai motsa ba, ko da ɗigo ya sauka a yatsunsa ya toya su, sai dai ya ambaci sunan kakansa da ƙarfi. Wallahi ban taɓa ganin liƙi mai kyan wannan ba. Ya kaɗa tsirkiya, lasifikar batir ta amsa, kaji suka watse.

Sai da ya zo mayar da makunni mazauninsa ya ga bai zura wayoyin ta ramin jikin jitar ba kafin ya liƙe su. Ga makunni yana reto a waje kamar ƙundun kaza, dalma ta ƙare, yatsu sun kumbura, motar Maigida Hashimu tana ta oda a bakin titi.

Jita dai ta yi magana a bikin, amma a hannun Ilu, domin kumburarrun yatsun Tanimu sun kasa kiɗa. Jikan Bawa kuwa ya hau dandamali, ya tsaya a bayansa riƙe da makunni, yana jira Ilu ya ɗaga masa gira ya danna.