Haƙori Mai Zaman Kansa

Allah ya yi wa layinmu baiwa da masani. Mai shagon fenti ne, amma mu Farfesa muke ce masa, shi kuma bai taɓa hana mu ba. Kanun jarida kawai yake karantawa, sauran ya riga ya sani.

Kullum da yamma yana kan benci a ƙofar tela, ƙanen matarsa, yana gyara duniya. Tela ya ce ya kamata magani ya zama na kowa, mai shi da marar shi.

"Gurguzu ke nan!" in ji Farfesa. "Ina ruwan gwamnati da cikina? Jari-hujja ita ce lafiya, yaro. Asibitin kyauta na malalata ne. Ranar da ka gan ni a can, ka aske mini gemu."

Tela ya ci gaba da taka kekensa. Mai haƙuri ne.

To, baki shi ke yanka wuya. Ran nan haƙorin Farfesa ya tashi, kumatu ya yi kamar an ɓoye lemo a ciki. Farfesa ya leƙa asibitin kuɗi, aka faɗa masa farashi, sai ya ga ashe wurin ba shi da iska. Washegari da sassafe na hango wani bawan Allah a layin asibitin gwamnati, ya naɗe fuska da tawul. Takalmin dai na san shi.

Tela ma ya san shi, don yana gabansa, ya kawo mahaifiyarsa awon jini.

"Yaya, kai ne?"

"Bincike na zo," in ji tawul. "Ina son in ga ɓarnar da idona."

"Madalla. Shiga gabana, binciken ya kumbura."

Aka cire haƙori. Ma'aikaciyar jinya za ta jefa shi a kwandon shara, Farfesa ya riƙe mata hannu, baki cike da auduga.

"Baiwar Allah, ba ni kayana. Shekara hamsin ina kiwonsa, gwamnati ba ta sa ko ƙwandala ba."

Ta naɗe masa a takarda, ta ce Allah ya sanya albarka.

Da yamma ya zo benci, ya buɗe takardar a gabanmu, ya ce ga hujja, bai bar musu komai nasa ba. Muka duba, muka jinjina. Ni dai tsoho ne, ban iya muhawara ba. Na ga kawai an yi rabo na adalci: su sun ɗauke ciwon, shi ya tsira da ruɓaɓɓen.