Yadda Za Ka Taimaki Maƙwabci Ba Tare da Sunanka Ya Ɓaci Ba

Idan ka sha wahala shekara da shekaru kafin unguwa ta yarda cewa kai mutum ne marar tausayi, kada ka bari alheri guda ya rusa maka wannan suna. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu mai zarginka da kirki. Na koye su ne daga maƙwabcina Baba Mele, tsohon ma'aikacin gwamnati a nan Lafia, mutumin da in ƙwallon yara ta faɗa gidansa sai ta kwana.

1. Ji labari, ka nuna bai dame ka ba

Ranar da Aondover, mai keke napep da ke haya kusa da mu, ya karye a ƙafa a hanyar Makurdi, jama'a sun cika ƙofarsa da jaje. Doyarsa ta isa tono a wata gona can wajen Assakio, ɓarayi har sun fara ɗanɗanawa, kuma ita ce abincin gidan har ƙafa ta warke. Baba Mele ya zo wucewa, ya leƙa, ya ce, "Kullum gudu kamar an biyo ku." Ya yi gaba. Haka ake so.

2. Nemo dalili na son kai

Washegari ya tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa. Matarsa, Hajiya Fatsuma, ta ce, "Malam, ina zuwa da sassafe?"

"Zan zaga da mota. In ta daɗe a tsaye batir mutuwa yake."

"To dagin tono fa da ka saka a baya?"

"Shi ma ya daɗe a tsaye."

Lura: kada ka yi dogon bayani. Mace ta san ƙarya tun daga tari.

3. Yi aikin cikin faɗa

Ya tsaya a majalisar samarin unguwa, ya ce su zo su tura masa mota. Suka tura, ta tashi, ya ce su hau ko za ta sake mutuwa. Ba su farga ba sai ga su a gonar Aondover, kowa da abin tono a hannu. Baba Mele da ciwon bayansa ya fi kowa tono, bakinsa bai huta ba: noman banza, ƙasar banza, samarin banza. Duk sanda ka ji zuciyarka ta fara sanyi, yi wa na kusa da kai tsawa.

4. Sauke kaya kamar an ɓata maka rai

Da yamma ya zube doyar a ƙofar Aondover. Matar gidan ta fito, ta ɗora hannu a ka.

"Baba! Wannan doya namu ne?"

"Ni ban sani ba. A kwashe kafin ta tare min hanya."

Aondover ya dogaro sanda ya fito, idonsa ya cika da ƙwalla. "Oga, abeg, tsaya mana. Ɗauka ko kaɗan, ka kai ma Mama."

"Waɗannan ƙananan? Riƙe abinka."

5. In gaskiya ta kuɓuce maka, yi maza ka rufe ta

Bayan sallar magariba na ce, "Baba, tsakani da Allah, me ya kai ka?"

Ya murza ƙugu. Can ya ce, "Mutum yana kwance, ya san ana kwashe abincin iyalinsa, kuma ba ya iya zuwa gonar. Ai ko barci ba zai yi ba." Sai ya ga ina kallonsa. Ya ɗaure fuska. "Kuma motar na bukatar zagaye."

Gargaɗi

Ba da daɗewa ba matar Aondover ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Mele. Yanzu kullum da safe Baba yakan shiga gidan don ya yi ƙorafin kukan jariri, ya daɗe a ciki, ya fito da tumbuɗi a kafaɗar riga. Saboda haka in ka bi matakan nan aka yi maka takwara, ko yara suka fara gaishe ka da fara'a, babu ruwana. Ni ma Baba Mele ya ce bai san ni ba.