Alamomin Sirrin Don Eleuterio

A duk lardin Batangas babu wanda ya san besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, kamar Don Eleuterio Macatangay. Wannan magana babu shakka a cikinta, don daga bakinsa muka ji ta. Mang Teryo muka taso muna kiransa, har shekarar da shagonsa na kayan gini ya zama bene, sai kunnensa ya daina jin sunan, sai an ce masa Don. Shi ne shugaban magoya bayan ƙungiyar garinmu, Zakarun Santa Rufina. Ba a yi zaɓe ba. Wata safiya kawai aka gan shi da hula an rubuta Shugaba a goshinta, kuma da yake shi ke sayen lemon da 'yan wasa ke sha, kowa ya haɗiye tambayarsa. A bayan idonsa Lasifika ake ce masa, saboda ko raɗa ya yi maka a kunne, mai kifi a ƙarshen kasuwa takan ba da amsa.

Yakan ce ba don ciwon kafaɗa ba, da yanzu a Japan ake ba da labarinsa. Tsofaffin da suka yi makaranta tare da shi sun tuna kafaɗar sarai. A kanta yake ɗauko wa 'yan wasa jakar sanduna.

Ciwonmu ɗaya ne a duniya, Ɓaunayen Talahiban, ƙungiyar garin da ke ƙetaren kogi. Shekara da shekaru suna lallasa mu, su cika motoci su koma gida suna buga tukwane, suna kwaikwayon kukan kaza tun daga kan gada. Mu kuma mu ɗora laifin a kan tsohon filinmu na bayan injin rake, mai gangara da ramuka, inda sai an kori awaki kafin a fara wasa. Bana hukumar gari ta gina sabo, da ciyawa kore shar, da kujerun siminti, da rumfar kwano, har da allon rubuta maki. Gari ya cika da murna, amma kowa gabansa na faɗuwa. Da Ɓauna za a buɗe kakar wasa, kuma idan suka sake cin mu, babu sauran gangarar da za mu zaga.

Don Eleuterio bai san fargaba ba. Kullum da safe yana filin, hannu a baya, yana nuna wa magina inda za su kafa abin da suka riga suka kafa. Ranar da aka gama shimfiɗa ciyawa ya durƙusa da ƙyar, ya sansana ta, ya ce ta yi. Magina suka yi godiya, biyu daga cikinsu suka taimaka masa ya miƙe.

Daga nan ya gano ainihin abin da ke damun Zakaru: suna da hannu, suna da ƙafa, ƙwaƙwalwa ce babu. Ya tafi da tasa ƙwaƙwalwar wurin mai horar da su, Koci Nanding, tsohon ɗan wasa mai haƙuri wanda likita ya hana shi fushi. Ya ce ya ƙirƙiro alamomin sirri da zai riƙa ba mai jifa. In ya taɓa hula, a sako ƙwallo da ƙarfi. In ya shafa tumbi, a sako ta a hankali, mai lanƙwasa. In ya ja kunne, a jefa ta ƙasa-ƙasa. Koci ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Don." Da haka kowace hira da shi take ƙarewa a garinmu.

Sirri kuwa an riƙe shi yadda ya kamata. Washegari a shagon aski na Mang Islaw, Don ya miƙe tsaye da ƙyallen aski a wuyansa, rabin kansa a aske, ya fuskanci madubi.

"Abin da zan nuna muku kada ya fita daga ɗakin nan," in ji shi, da muryar da ta sa masu jiran mota a titi suka juyo. "Janar-janar na yaƙi ma ba su kai nan ba. Ku dubi hannuna."

Ya taɓa hula, ya shafa tumbi, ya ja kunne, kowace da fassararta. A kujerar gefe akwai wani direba fuska duk kumfa, wanda kowa ya san daga Talahiban yake ɗauko fasinja. Cikin ladabi ya roƙi a maimaita ta tumbin, bai gane sosai ba. Don ya maimaita masa, ya kuma ce ya daɗe bai ga mutum mai son ilimi haka ba. Kafin mako ya zagayo, an ga sirrin a ƙofar coci da wurin wani biki, kuma mata masu wanki a bakin kogi suna yi wa juna shi.

Ranar wasa gari ya watse zuwa fili. Fadan cocinmu ya yayyafa wa ciyawa ruwan albarka, 'yan badujala suka busa, mutanen Talahiban suka cika ɓangarensu da tukwanensu. Don ya sa aka ɗora masa kujera a kan rufin rumfar 'yan wasa, ya hau cikin farar riga mai sitaci, don kada sirri ya ɓace wa kowa.

Mai jifarmu, Rodel, ya tsaya a tsakiyar fili. Mai bugun farko na Ɓauna ya ɗaga sandarsa, amma idonsa ba a kan Rodel yake ba, yana can kan rufi. Don ya shafa tumbi. Mutumin ya saki jiki yana jiran ƙwallo mai tafiyar hawainiya, sai ta wuce shi fiu kamar harsashi. Don ya taɓa hula. Mutumin ya kai duka da dukan ƙarfinsa, ya juya kamar katantanwa, sannan ƙwallon ta iso a natse. Haka aka yi da mai bugu na biyu, haka na uku.

Da rana ta take, kwano ya ɗau zafi. Don ya sha farfesun ƙashin saniya kafin ya hau, gumi ya karyo masa, ƙudaje suka gano shi. Hannunsa ya shiga yawo daga wuya zuwa hammata zuwa ƙeya. A rumfar Ɓauna gardama ta kaure, wasu na cewa susar wuya sabuwar alama ce, wasu na cewa kunne ya nufa bai kai ba. Suna cikin haka wasa ya ƙare. Mun ci su, ci mai kyau, tsofaffi suna share hawaye da hulunansu. Tukwanen Talahiban suka koma mota shiru.

Da la'asar aka zauna cin abinci a ƙarƙashin rumfa, ƙungiyoyin biyu tare kamar yadda aka saba, ga taliya ga naman akuya. Kocin Ɓauna ya miƙe fuska a murtuke, ya ce bai taɓa ganin dabara irin wannan ba, a ce mutum ya yi mako guda yana raba alamomin ƙarya a gari don kawai ya yaudare su. Don bai taɓa tunanin haka ba, amma nan take ya tuna cewa haka ya tsara.

"Wasa a nan yake," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshinsa. "Rodel, ɗana, tashi ka gaya musu yadda ka riƙa karanta ni."

Rodel, wanda Don ne ya riƙe shi ranar baftisma, shi ya sa yake ce masa Ninong, ya miƙe da taliya a baki. Ya dubi Koci Nanding. Koci ya dubi kwanonsa.

"Ninong, ku yi haƙuri," in ji Rodel. "Koci ya ce duk wanda ya kalli rufin nan, benci zai koma. Ni ban ma san kun hau ba."

Ba wanda ya yi dariya, sai dai mutane da yawa tari ya kama su lokaci guda. Matar Don, Aling Puring, ta jawo gefen rigarsa ya zauna, ta ƙara masa nama a kwano.

"Ci abincinka," ta ce. "Tun da na aure ka kake magana a garin nan. Yau ka samu waɗanda suka saurare ka, ka kuma ga abin da ya same su."